Shawara ga Ɗalibin NCE Mai Son Bin Kawunsa Fatauci Kafin Ya Shiga Aji

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani matashi a garin Gombe, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Malam, na gama jarrabawar ƙarshe ta NCE a fannin koyar da 'yan firamare, yanzu ina jiran sakamako. Kawuna yana sayen wake da masara a Tudun Hatsi yana kaiwa Anacha ta jihar Anambra, kuma ya ce in bi shi na wata shida in riƙa riƙe masa lissafi. Wata makarantar kuɗi a unguwarmu ita ma ta ce in zo in fara koyarwa a zango mai zuwa, ko da yake albashin bai taka kara ya karya ba. Mahaifina ya ce bin mota yawon banza ne, kuma hanya ba lafiya. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa wuce Bauchi ba, kuma a lokacin koyarwar gwaji na ji nauyin koya wa yara koguna da dazuzzukan da ni kaina ban taɓa gani ba. Shin tafiyar za ta ƙara mini wani abu a aikin malanta, ko kuwa yaudarar kaina nake yi?"

Ɗana, ba yaudarar kanka kake yi ba, kuma nauyin da ka ji a gaban yaran nan alama ce mai kyau, domin malamai da yawa suna karanta wa aji abin da ba su sani ba har su yi ritaya ba tare da abin ya taɓa damunsu ba. Ra'ayina shi ne ka je, amma sawu ɗaya ko biyu kawai, da yardar mahaifinka, sannan ka dawo ka karɓi ajin da aka yi maka tayi. Wata shidan da kawunka ya ambata sun yi yawa, zan kuma faɗa maka dalili a gaba.

Bari in fara da amfanin da kai ma ka hango, wato gani da ido. Hanyar da manyan motoci suka saba bi daga Gombe zuwa Anacha takan ratsa Bauchi da Jos da Akwanga da Lafiya da Makurɗi da Otukpo da Inugu, kuma duk wanda ya bi ta ido buɗe ya ratsa kusan duk abin da littafin firamare yake faɗa game da yanayin ƙasar Najeriya. Za ka bar ƙasar dawa da gero da kuka, ka hau tsaunin Jos mai tsayin sama da mita 1,200, ka ji sanyi ya shige ka, ka ga dankalin turawa jibge a bakin titi, daga nan ba ka bukatar a yi maka dogon bayani kan yadda tsayin wuri yake rage zafi. Za ka gangaro ta Hawan Kibo, ka tarar da doya a Lafiya, lemo a ƙasar Binuwai, sannan itatuwan kwakwar manja su fara yawa har daji ya rufe. Abin da na fi so ka lura da shi kuwa ruwa ne. Kogin da kake tsallakewa a gadar Dindima idan za ka Bauchi shi ne Gongola, wanda ya taso daga tsaunin Jos, ya zagaya ta Nafada, ya sauko ya cika madatsar Dadin Kowa, ya wuce Kiri, ya faɗa Binuwai a Numan. Binuwai ɗin nan shi ne za ka tsallaka a gadar Makurɗi, shi ne kuma yake haɗuwa da kogin Kwara a Lokoja, su gangara tare su wuce ta gaban Anacha. Ke nan ruwan da masuntan Dadin Kowa suke jefa koma a ciki yana cikin wanda za ka tsaya kana kallo a ƙarshen tafiyarka. Malamin da ya bi wannan hanya zai iya zana wa 'yan aji huɗu layi guda a allo, ya fara daga wurin da suka sani ya ƙare a wurin da ba su sani ba, kuma ina tabbatar maka ba za su manta da sunayen kogunan ba kamar yadda suke manta jerin da ake sa su haddace.

Lissafin da za ka riƙe wa kawunka shi ma kayan aji ne. Za ka ga kuɗin buhu a Tudun Hatsi, ka ga abin da aka ƙara na 'yan dako da la'adar dillali da kuɗin lodi da man mota da abin da ake bayarwa a hanya, ka ga nawa aka sayar a can, ka kuma ga ranar da aka faɗi duk da wannan wahala. Darasin riba da faɗuwa da kaso cikin ɗari ba ya wuce haka. Yaran Gombe 'ya'yan manoma ne da 'yan kasuwa, suna jin zancen mudu da tiya da buhu a gida kullum, saboda haka tambayar da aka gina a kan buhun wake ta fi shiga kansu a kan wadda aka gina da kayan da ba su taɓa riƙewa ba.

Duk da haka, ba wannan ne babban dalilin da ya sa na ce ka je ba, domin mai hankali zai iya samun rabin wannan daga taswira da hotuna da hira da direbobi a tasha. Babban dalilin shi ne kana bukatar ka ɗanɗani zama baƙon da ba ya jin abin da ake faɗa. Kai Bahaushe ne da ya girma a garin da kowa yake jin harshensa, ko Batangale ko Batere ko Bafulatani idan ya shigo kasuwa da Hausa zai yi maka magana, saboda haka ba ka taɓa zama a wurin da maganar mutane take wuce ka kana tsaye ba. Hausa za ta kai ka Jos, ta kai ka Lafiya, ta ɗan taimake ka a Makurɗi, amma daga nan sai ta fara ƙarewa, Tibi da Idoma da Igbo da Turancin buroka su karɓe wurin. Wata rana za a aike ka cikin kasuwa da bayanin da aka yi maka da sauri, ka ce ka gane alhali ba ka gane ba, saboda kunyar a maimaita maka sau uku a gaban jama'a. Za ka faɗi wata kalma a yi dariya ba ka san abin da ya ba da dariyar ba. Za ka kuma gamu da wani bawan Allah da zai sassauta murya, ya nuna maka da hannu, ya jira ka har ka fahimta, kuma za ka daɗe kana tuna shi da alheri.

Wannan halin da za ka shiga na 'yan kwanaki shi ne halin da yara da yawa suke ciki a ajin farko na firamare shekara guda cur. Yaron da ya taso a ruga yana jin Fulatanci kawai, ko wanda ya taso a wani ƙauyen Kaltungo ko Balanga ko Yamaltu da harshen gidansu, yakan shigo aji ya tarar malam yana bayani da Hausa, littafi kuma yana magana da Turanci, wato harsuna biyu a kansa lokaci guda. Idan malam ya juyo ya ce "Kun gane?" sai ya bi sahun sauran ya amsa, domin ba ya son a kalle shi. Malamin da bai taɓa shiga wannan hali ba yakan rubuta a ransa cewa yaron daƙiƙi ne, ya mayar da shi benci na baya, shi ke nan an gama da shi. Wanda ya taɓa yin ƙaryar ganewa a kasuwar da ba ta garinsu ba kuwa, da wuya ya sake dogara da amsar da aji ya bayar baki ɗaya. Zai ce wa yaro ya zo ya nuna, ko ya faɗa da nasa bakin, ko ya zana. Zai yi tambaya ya yi shiru ya ba da lokaci, domin ya san wanda yake juya magana daga wani harshe zuwa wani a cikin kansa yana bukatar jinkirin da mai harshen ba ya bukata. Zai zaunar da sabon zuwa kusa da wanda yake jin yarensu, zai hana dariya idan wani ya karya harshe, zai kuma koyi gaisuwa da ƙidaya zuwa goma a harsunan da suke cikin ajinsa. An koya maka yawancin waɗannan dabaru a kwaleji, na sani, har ka rubuta su a jarrabawa. Abin da na lura shi ne malami yakan watsar da su a mako na uku idan aji ya cika ya batse, sai fa wanda jikinsa ya gaya masa dalilinsu.

Akwai kuma wani abu da za ka tarar idan ka shiga aji a Gombe, wanda tafiya za ta buɗe maka ido a kansa. Cikin yaran da za ka koyar akwai waɗanda suka fi ka yawon duniya: 'ya'yan iyalan da rikici ya koro daga Borno da Yobe, 'ya'yan makiyaya da suka bi shanu zuwa kudu da rani, 'ya'yan ma'aikata da aka yi wa canjin wurin aiki, da almajiran da suka zo daga nesa suke haɗa allo da boko. Yaron da ya taka da ƙafarsa daga nan zuwa bakin Binuwai ya san lokacin da damina take sauka a can da irin ciyawar da take fitowa fiye da abin da ke littafinka. Malamin da bai san darajar irin wannan sani ba yakan bar shi ya mutu a bakin yaron. Sai dai ka yi hattara da waɗanda gudun hijira ya kawo, kada ka tilasta wa yaro ba da labarin tafiyar da ya yi yana kuka. Ka tambaye shi abincin garinsu da wasanninsu, sauran ka bar masa.

Yanzu ga inda zan ja maka birki. An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ka duba tasha za ka ga mutanen da suka shekara talatin a kan wannan hanya, ba abin da suka riƙe sai inda ake sayar da abinci mai arha da inda ake tare mota. Tafiya tana amsa wa mutum tambayar da ya tafi da ita ne kawai. Tarihin malanta a ƙasar Bauchi ma ya nuna haka. Abubakar Tafawa Balewa ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya dawo ya koyar a makarantar midil ta Bauchi fiye da shekara goma kafin ya tafi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945. Malam Aminu Kano shi ma a wannan makaranta ya fara koyarwa a 1942, sai a 1946 ya tafi cibiyar, kuma da ƙoƙarinsa aka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Dukansu biyu sun sha ƙurar alli kafin su fita, saboda haka sun san abin da suke nema su gani. Kai ba ka da shekarun da suke da su a aji, amma kana da watannin koyarwar gwaji, kuma sun isa ka fitar da tambayoyi. Ka zauna kafin ranar tafiya ka tuna darussan da suka gagare ka, da yaran da ka kasa kaiwa gare su, ka rubuta su a shafin farko na ƙaramin littafi. Kowane dare, ko a gindin mota kuka kwana, ka rubuta abin da ka gani, da kuma aji da darasin da zai dace da shi. Ka ɗauki hoton kogi da gada da gona da wayarka, amma kada ka ɗauki mutane sai da izininsu, kuma kada ka kusanci shingen jami'an tsaro da kyamara. Ka tsinto abin da yara za su iya taɓawa, kamar ƙwallon kwakwar manja da jar ƙasar kudu a ƙulli.

Idan kwanakin sauke kaya da jiran ciniki sun ba ka sarari, ka nemi wata makarantar firamare kusa da masaukinku, ka je da katin shaidarka na ɗalibi, ka gaida shugaban makarantar ka roƙi izinin zama a bayan aji na darasi ɗaya ko biyu. Wani zai ƙi, wani zai yi murna. Ka lura da yadda malamar take shigar da darasi, da yadda take haɗa Igbo da Turanci, da abin da take yi wa yaron da ya yi kuskure, da yadda iyaye suke bibiyar aikin gida. Za ka ga abin koyi, za ka kuma ga abin da ku kuka fi su, kuma duka biyun ka rubuta.

Ina kuma so in gargaɗe ka game da cutar da takan kama malamin da ya ɗan fita. Kowa ya taɓa zama a ajin malamin da yake cinye rabin lokacin darasi yana ba da labarin lokacin da yake Legas, yara suna jin daɗi domin ba a rubutu, jarrabawa ta zo ba su san komai ba. Labarin tafiya yana da hurumin minti biyu ko uku, ya buɗe ƙofar darasi, sannan a shiga aiki. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai dawowa da raini, kullum yana gaya wa yara cewa 'yan kudu sun fi su ƙwaƙwalwa, ko kuma mai dawowa da ƙiyayya saboda wani ya cuce shi a ciniki ko ya zage shi a tasha. Za a iya cutarka a can kamar yadda ake cutar baƙo a ko'ina, har da garinmu. Amma kai za ka koyar da ilimin zamantakewa, inda ake maganar ƙabilu da addinai da al'adun Najeriya, kuma a ajinka akwai Musulmi da Kirista, akwai ɗan mai shagon kayan gyaran mota da iyayensa suka zo daga Anambra. Abin da ka faɗa a kan wata ƙabila a gaban 'yan shekara tara zai zauna a kansu ya fi ƙarfin abin da ke cikin manhaja.

Dalilin da ya sa na ce wata shida sun yi yawa kuwa guda biyu ne. Na farko, abin da hanya ɗaya za ta koya maka yakan ƙare a sawu na biyu ko na uku, bayan haka ido ya saba, sai lissafin buhu kawai ya rage. Na biyu, kuma shi ne wanda ba a son faɗa, kuɗin da za ka riƙa samu a wurin kawunka zai iya fin albashin makarantar nan nesa ba kusa ba, kuma matashin da ya saba da kuɗin hanya yana wuya ya koma ya tsaya gaban allo yana jiran ƙarshen wata. Fatauci sana'a ce mai daraja, ba kuma laifi ba ne mai takardar NCE ya zama ɗan kasuwa. Abin da ba na so shi ne ka zame cikinsa da sunan neman ilimin koyarwa, ka farka bayan shekara biyar ba ka zaɓi komai da kanka ba. Ka je wurin mai makarantar tun yanzu ka gaya masa gaskiya, ku tsayar da ranar da za ka fara, sannan ka tsara tafiyar ta ƙare kafin ranar. Idan lokaci bai ba da dama ba, ka fara aikin, ka bi kawunka a hutun ƙarshen zangon farko, wanda yakan zo a Disamba bayan kaka, lokacin da wake yake shigowa kasuwa. Wataƙila ma wannan ya fi, domin a lokacin ka riga ka san ajinka da sunayen yaranka.

Saura maganar mahaifinka, wadda ita ce gaba da komai. Tsoronsa yana da tushe. Haɗarin manyan motoci a Hawan Kibo sananne ne, akwai wuraren da ake fama da masu tare hanya, kuma a 2021 aka fara fama da batun zaman gida na dole na ranar Litinin a garuruwan kudu maso gabas. Kada ka yi masa gardama a kan wannan, kuma kada ka tafi a ɓoye, domin babu darasin da ya kai ɓacin ran uba. Ka roƙi kawunka ya zo da kansa ya zauna da shi, in da hali tare da wani baffanka ko limamin unguwa da yake jin maganarsa, a faɗa masa ranar tafiya da ranar dawowa, da wanda za ku sauka a wurinsa, da alkawarin cewa a gaban mota za ka zauna, ba a saman kaya ba, kuma ba za a yi tafiyar dare a wuraren da direbobi suka san ba a yi ba. Ka nuna masa cewa ka riga ka karɓi aikin makarantar, domin ina zaton abin da yake tsoro bayan hanya shi ne kada karatun da ya biya ya tafi a banza. Kana iya tuna masa cikin ladabi cewa fita neman sani tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan, tun da Modibbo Buba Yero da Malam Yakubun Bauchi sai da suka bar gida suka je wurin Shehu Usmanu kafin su dawo su kafa garuruwansu.

Idan duk da haka ya ce a'a, ka haƙura, ka juya ga abin da yake kusa, wanda kuɗin motarsa ba zai gagare ka ba kuma da wuya ya hana ka. Wannan shawarar ta shafi 'yan'uwanka mata masu karatun malanta, waɗanda bin motar kaya ba ya cikin lissafinsu. Ka je Dadin Kowa ka ga madatsar ruwa da gonakin rani, ka je Ashaka ta wajen Bajoga ka ga inda ake haƙo dutsen da ake yin siminti, ka hau tsaunin Tula, ka shiga Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri ka sa hannu a ruwan Wikki da ɗuminsa yake tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. Ka kuma nemi wani abokin karatunka daga Billiri ko Talasse ko Cham ya kai ka ƙauyensu ka kwana biyu a gidan da ba da Hausa ake hira ba, ka roƙe su kada su juya harshe saboda kai.